Yadda zaka haɗa kacici-kacicin tsofaffin waƙoƙin disko a taro ba tare da mutane sun fara hamma ba

In kuna da taron tsofaffin ɗalibai ko zaman 'yan uwa na bayan sallah ko walimar ritayar wani babba a gidanku, kuma kun gaji da tsarin nan na wane ya tashi yayi jawabi wane ma ya tashi yayi jawabi har abinci ya huce, toh ku gwada kacici-kacici akan waƙoƙin rawa na da, irin na shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980 lokacin faifan garmaho da kaset da wando mai faɗin ƙafa da gashin afro. Kayan aikin ba wasu masu yawa bane, sifika ɗaya mai caji, waya, takardu da biro, sai mutum ɗaya mai baki da zai riƙe taron. Aikin gaske yana wajen haɗa tambayoyin ne, kuma anan mafi yawan masu shiryawa suke kwafsawa.

Abinda suke yi shine su shiga intanet su kwaso tambayoyi irin "a wace shekara aka saki waƙa kaza", guda talatin duk iri ɗaya, wallahi kafin akai ta goma rabin mutane sun koma danna waya. Ba wanda ya riƙe shekara. Baba da ya taka rawar waƙar a Kaduna ko Jos yana saurayi bai san ko 1977 bane ko 1978, abinda ya sani shine wandon da ya saka ranar da kuma wadda yake nema a lokacin. Tambaya mai daɗi itace wadda kowa a ɗakin yake da tabbacin ya san amsarta, ya rubuta da ƙarfin gwiwa yana murmushi, sai ka faɗi amsar gaskiya ɗakin ya kaure da "haba dai!" da "ƙarya ne wallahi". Irinsu zaka nema, kuma kowacce ka tanadi ɗan labarinta na rabin minti da zaka bayar bayan amsa, don labarin ne mutane zasu tafi dashi gida.

Ka fara da Boney M, don babu wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar nan da bai taɓa jin Daddy Cool ko Rasputin ko Rivers of Babylon ba, ko a rediyo ne ko a shagon mai ɗaukar kaset. Tambaya ta farko mai sauƙi a fuska: 'yan wace ƙasa ne? Kusan kowa zai rubuta Amurka. A Jamus aka haɗa ƙungiyar, wani bature mai shirya waƙa Frank Farian ne ya ƙirƙire ta, su kuma huɗun da ake gani dukkansu daga tsibiran Karebiyan suka fito, Liz Mitchell da Marcia Barrett 'yan Jamaika, Maizie Williams daga Montserrat, namijin kuma Bobby Farrell ɗan Aruba. Sannan ka kunna farkon Daddy Cool inda muryar nan mai kauri take shigowa kace waye wannan? Duk zasu ce ai wannan mai gashin ne mai tsalle-tsalle ba riga. Ba shi bane, muryar Farian ce, shi ya rera a situdiyo, Bobby rawa aka ɗauko shi yi da motsa baki a talabijin, ko da yake in sun fita wasa a gaban jama'a yakan rera da bakinsa. In ka gama wannan sai ka ɗora da cewa mutumin nan bai daddara ba, shine dai ya sake haɗa Milli Vanilli, samarin nan biyu masu dogon kitso da aka ba kyautar Grammy a 1990 sannan aka ƙwace ta a cikin shekarar da asiri ya tonu cewa ko baiti ɗaya basu rera ba a faifan. Kaga tambaya ɗaya ta haifi uku kenan.

Boney M ɗin nan rijiya ce, kana iya cike zagaye guda dasu kaɗai in kaso. Rivers of Babylon da suka saki a 1978 ba tasu bace, The Melodians na Jamaika ne suka fara yinta a 1970, kalmomin kuma daga Zabura aka ɗauko. Ma Baker ta 1977 karinta daga wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Tunisiya ne, Sidi Mansour, in ka samu ta Tunisiyar ka kunna ta tukuna kace wa mutane su faɗi wace waƙar disko ce aka gina akanta, zaka ga dattijai suna lumshe ido suna kaɗa kai suna cewa tsaya tsaya na santa. Sun je Mosko a Disambar 1978 lokacin Tarayyar Sobiyet amma aka hana su rera Rasputin a can. Wadda tafi duka sa mutane shiru kuwa itace ta mutuwar Bobby Farrell, ya rasu ranar 30 ga Disamba 2010 a wani otal a St. Petersburg, garin da aka kashe shi Rasputin ɗin na gaske, malamin addinin nan na fadar sarkin Rasha da aka yi waƙar akansa, kuma a rana irin wannan a 1916 in an bi kalandar yanzu. Wannan kar ka maida ita tambaya don ba wanda zai ci, ka bada ita a matsayin ƙarin bayani kawai.

Yanzu batun sauti. Kacici-kacicin waƙa ba tare da an ji waƙar ba ɓata lokaci ne, saboda haka kwana biyu kafin taron ka zauna ka yanko guntaye, daƙiƙa biyar zuwa goma daga kowace waƙa, akwai manhajojin yanka sauti kyauta da yawa a waya kowacce ka samu zata yi. Ka yanko daga farkon waƙar ko wajen da kiɗa ne zalla, kar ka yanko amshi inda ake ambaton sunan waƙar, in ka kunna wajen da ake faɗin sunan ai ka bada amsa da kanka. Ka canza sunan kowane fayil zuwa lamba, 1, 2, 3, don wasu sifikokin suna da ɗan allo da yake nuna sunan abinda ake kunnawa, kuma wanda yake zaune kusa dakai idonsa na kan wayarka ko da yace maka ba kallo yake ba. Ka sauke komai a wayar tun a gida kar ka dogara da netwok, ka cika sifika da caji kar ka dogara da NEPA. Sannan ka saurari kowace waƙa da kunnenka kafin ka saka ta, wannan da gaske nake, don wasu waƙoƙin zamanin nan in aka kunna su gaban surukai sai dai kowa ya kama kallon silin, Love to Love You Baby ta Donna Summer misali ka yi tambaya akanta da baki in kana so amma kar ka kunna.

Wayoyin mahalarta kuma a tara su a faranti ko a kife su a tsakiyar tebur, akwai Shazam, manhajar nan mai gane waƙa da jin sautinta, yaran yanzu cikin daƙiƙa uku sun ciro maka sunan waƙa da shekara da sunan kakan mawaƙin.

Kar ka bari kowa yayi ta kansa, ka raba mutane rukuni-rukuni, mutum huɗu zuwa shida, kuma ka cakuɗa manya da yara da gangan. Dalili shine akwai zagayen da zaka haɗa wanda babba shi kaɗai bazai ci ba yaro ma shi kaɗai bazai ci ba, wato zagayen waye ya ɗauka daga wajen waye. Misali ka kunna Don't Stop the Music ta Rihanna ta 2007 daidai wajen amshin nan da ake maimaitawa, yara zasu gane ta nan take, masu shekara arba'in da wani abu zasu ce ai na Michael Jackson ne daga Wanna Be Startin' Somethin' ta faifan Thriller, su ji kamar sun gama da kowa, alhali asalin abun na maƙwabtanmu ne, Manu Dibango ɗan Duwala ta Kamaru mai busa saksofon, a waƙarsa Soul Makossa ta 1972. Labarinta ma abin dariya ne, a bayan faifai aka saka ta, gaban faifan taken gasar cin kofin Afirka ne da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar, sai wani DJ a New York mai suna David Mancuso ya tsinci faifan a shago ya fara sakawa a wajen casunsa, wani gidan rediyo ya ɗauka, kafin kace me ta shiga Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 1973. Dibango ya bi Michael Jackson akan haƙƙinsa aka sasanta tsakaninsu ba tare da hukuncin kotu ba, a 2009 ya sake shigar da ƙara saboda ta Rihanna. Korona ce tayi ajalinsa a Faransa a watan Maris 2020.

Irin wannan ce Waka Waka ta Shakira ta kofin duniya na 2010, yara sun santa, manya kuma suna jin amshin zasu ce Zangalewa, ta Golden Sounds ta 1986, mutanen nan masu shigar soja da suke cusa tsumma a ciki da baya suna fareti, kuma da gaske wasunsu dakarun fadar shugaban Kamaru ne. Lambada ta Kaoma ta 1989 da kowa yake ɗauka ta Brazil ce zalla, karin na wasu 'yan Bolibiya ne Los Kjarkas, sun kai ƙara kuma sun ci. Good Times ta Chic ta 1979 kuwa kiɗan jitar bes ɗinta ne aka ɗora Rapper's Delight a kai a wannan shekarar, wadda ake lissafawa a matsayin waƙar rap ta farko da ta yi kasuwa sosai.

Amma in taron namu ne na Hausawa, zagayen da zai tada ɗakin tsaye shine na Indiya, ni a ganina ka ajiye shi a tsakiya daidai lokacin da mutane suka fara sanyi. Duk wanda yayi layin tikiti a Plaza ko Marhaba ko El Dorado a Kano ya san Disco Dancer na 1982 da Mithun Chakraborty da kiɗan Bappi Lahiri mai sarƙoƙin gwal. Ka kunna T'es OK ta Ottawan, wasu mawaƙa daga Faransa da suka yi ta a 1980, kace wace waƙar Indiya ce wannan, cikin daƙiƙa biyar wani zai yi ihu yace Jimmy Jimmy, sai ka gaya masa wadda yake ji ɗin ta riga ta Indiyan fitowa da shekara biyu. Sannan ka tambaya wa ya rera I Am a Disco Dancer, masu cewa Mithun su zauna, Vijay Benedict ne, ita kuma Jimmy Jimmy muryar Parvati Khan ce. Sai ka wuce Qurbani na 1980, waƙar Aap Jaisa Koi da Zeenat Aman take rawa a fim, tambayar itace mai muryar 'yar wace ƙasa ce kuma shekarunta nawa, amsa Nazia Hassan 'yar Pakistan ce haifaffiyar Karachi, tana da shekara 15, a Landan aka ɗauki waƙar, ta kuma ci Filmfare, kyautar finafinan Indiya, da ita. Wanda ya haɗa mata kiɗan sunansa Biddu, Ba'indiye mazaunin Ingila, kuma shine dai ya shirya Kung Fu Fighting ta 1974, waƙar da ta hau kan zazzaɓin finafinan Chanis, wanda ya rera ta kuma Carl Douglas haifaffen Jamaika ne. Ba'indiye da ɗan Jamaika a Landan suna waƙar faɗan Chana, ka faɗi wannan a hankali ka bar mutane su juya shi a kansu.

Ta ƙarshe a zagayen Indiya ka saka wadda na fi so. Tamma Tamma ta fim ɗin Thanedaar na 1990, Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin da Madhuri Dixit, da Jumma Chumma ta fim ɗin Hum na 1991 ta Amitabh Bachchan, ka kunna su a jere kowa zai ji kari ɗaya ne, sai gardama ta tashi akan wa ya kwaikwayi wani tsakanin su biyun, ka barsu suyi minti ɗaya suna musu tukuna sannan ka kunna Tama ta Mory Kanté ɗan ƙasar Gini mai kaɗa kora, daga faifansa Akwaba Beach na 1987 wanda Yéké Yéké take ciki. Dukkansu biyun daga Afirka ta yamma suka ɗauka. Mu da aka daɗe ana mana gorin cewa 'yan fim ɗinmu suna kwafar karin Indiya, wannan amsar tana sanyaya zuciya ba kaɗan ba.

Na gida Najeriya ma kar ka barsu a baya. Sweet Mother ta 1976 kowa ya san Prince Nico Mbarga ne, amma ka tambayi ina aka haife shi da kuma ƙasar mahaifinsa, Abakaliki ne, uwa 'yar Najeriya uba ɗan Kamaru, kuma kamfanin EMI ƙin karɓar waƙar yayi sai Rogers All Stars na Onitsha ne suka fitar da ita, ta zo ta zama ɗaya daga cikin faifan da suka fi ciniki a tarihin Afirka. Seun Rere ta Christy Essien-Igbokwe tarko ce mai kyau, da Yarabanci aka yi ta sai kowa ya rubuta Bayarabiya ce, alhali 'yar Akwa Ibom ce. Ka tambayi wane mawaƙin zamanin ne ya koma fasto har ya tsaya takarar shugaban ƙasa, Kris Okotie. Wane ne yayi karatu a ABU Zariya kuma ya rera taken wasan Cock Crow at Dawn na NTA, Bongos Ikwue ɗan Benuwai. In akwai tsofaffin 'yan Kaduna a wajen ka jefa musu Bala Miller da ƙungiyarsa Great Music Pyramids of Africa, wannan makin kyauta ne ka basu don su ji daɗi.

Yawan tambayoyi kar ya wuce 25 zuwa 30, zagaye huɗu ko biyar, duka a gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma ka duba lokacin sallah ka tsara abun tsakanin la'asar da magariba ko bayan isha'i, don in aka tashi sallah a tsakiyar zagaye rabin mutane basa dawowa kujerunsu. Kowane rukuni su rubuta amsa a takarda, ƙarshen zagaye su yi musayar takardu da rukunin kusa dasu a yi maki, kar ka yarda da tsarin ɗaga hannu ko wanda ya riga faɗa, mai babbar murya ne zai cinye komai mata da masu kunya su koma 'yan kallo. Maki ɗaya na sunan waƙa, ɗaya na mawaƙi, biyu na tambayar tarko. Rubutun suna kuma kar ka tsananta, wanda ya rubuta Boni Em ko Maikal Jaksin ya ci, ba jarrabawar turanci ake ba.

Ka naɗa alƙali guda tun farko, babba wanda ake jin nauyinsa, ka bashi takardar amsoshi, ka sanar cewa maganarsa ce ta ƙarshe. Zaka buƙace shi, don akwai kawun da zai rantse da Allah cewa shi da idonsa ya ga abu kaza a 1979 kuma bazaka iya ce masa ƙarya yake ba a gaban 'ya'yansa. Don rage irin wannan rigimar ne ma nace ka guji tambayar shekara, yawancinsu amsa biyu ne dasu. Dancing Queen ta ABBA ta fito a 1976 amma sai 1977 ta hau lamba ɗaya a Amurka, Thriller ya fito ƙarshen 1982 amma a 1983 duniya ta rikice akansa, Pata Pata ta Miriam Makeba an santa da 1967 alhali ta rera ta tun shekarun 1950 a Afirka ta Kudu, balle kuma mu nan da faifai yake iso mana bayan wata da watanni. In dole sai ka saka shekara toh ka bada zaɓi uku masu nisa da juna. Kuma duk amsar da ka samo ka duba ta a wuri biyu daban, shafukan tatsuniyar mawaƙa sun cika intanet kowa yana kwafar na wani.

Ka ajiye 'yan tambayoyi masu sauƙi a aljihu na lokacin da ka ga wani rukuni ya faɗi warwas sun fara ɓata rai. ABBA 'yan ina ne, Suwidin, kuma sunan haruffan farko ne na sunayensu huɗu, in kana son ka ɗan murɗa ka tambayi wacece a cikinsu aka haifa a Norway, Anni-Frid ce. Bee Gees su nawa ne kuma me ya haɗa su, 'yan uwa uku ne ciki ɗaya, Robin da Maurice tagwaye. Wace waƙarsu ce ake koya wa masu agajin gaggawa su bi bugunta in suna danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, Stayin' Alive, don saurin kiɗanta ya zo daidai da dannawa ɗari da 'yan kai a minti. Le Freak ta Chic kuma haushi ne ya haife ta, masu gadin ƙofar gidan rawa na Studio 54 a New York suka hana jagororin ƙungiyar, Nile Rodgers da Bernard Edwards, shiga a daren sabuwar shekara duk da mawaƙiya Grace Jones ce ta gayyace su, suka koma gida suka fara rera zagi akan kiɗa, daga baya suka canza kalmar zagin.

Kyauta ba sai mai tsada ba, katin waya ko katan ɗin lemo ko turmin atamfa in akwai mai ɗaukar nauyi, rukunin da yazo na ƙarshe kuma hukuncinsu su fito su taka rawar waƙar da masu nasara suka zaɓa musu. In aka yi kunnen doki a sama kar ka sake wani zagaye, mutane sun gaji, ka yi tambaya ɗaya ta lamba kowane rukuni ya rubuta hasashensa wanda yafi kusa ya ɗauka. Doguwar Rapper's Delight minti nawa ce, ta haura 14. In sun sake yin daidai, doguwar Love to Love You Baby da ta cinye fuska guda ta faifai, saura kaɗan ta cika minti 17.